Glory Alozie da Tseren Tsallake Shinge: Shekara Goma a Sahun Gaba

Gabatarwa



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne tarihin wata 'yar wasan guje-guje mai suna Glory Alozie, wadda ta yi fice a tseren tsallake shinge na mita 100 tun daga 1996 har zuwa 2006. Ta fara gudu da tutar Nijeriya, ta ƙare da tutar Sifaniya. Cikin waɗannan shekaru goma ta karɓi lambar azurfa har sau shida a manyan gasannin duniya, in an haɗa da ta matasa, amma ba ta taɓa ɗaukar zinariyar Olamfik ko ta gasar zakarun duniya ba. Mai kallo daga nesa yana iya cewa ai wannan tarihin marar sa'a ne. Ni kuwa abin da nake so mu duba shi ne yadda mutum zai yi shekara goma yana sahun gaba a wasan da ake raba gardama da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, da abin da ya tsayar da ita a wannan matsayi, da kuma ƙasar da ta ci moriyar tsayuwar tata.

Zan fara da bayanin yadda shi kansa tseren yake, domin in ba a san ƙa'idarsa ba, ba za a gane nauyin alƙaluman da zan kawo ba. Sa'an nan in bi tarihinta daki-daki. Daga ƙarshe in faɗi abin da nake ganin ya shafe mu, musamman ɗalibai da waɗanda ke riƙe da ofisoshin hukuma.

Yadda tseren yake

Abin da muke kira shinge a nan wani katako ne da aka gicciye a kan ƙafafu biyu na ƙarfe, wanda in an buge shi daga gaba yakan kife. A tseren mata na mita 100 akan jera guda goma a layin kowace 'yar tsere, tsayin kowanne santimita 83.8. Daga wurin tashi zuwa shinge na farko mita 13 ne, tsakanin kowane shinge da mai bi masa mita 8.5, daga na goma zuwa layin ƙarshe kuwa mita 10.5. In kun haɗa 13 da tazara tara ta 8.5, watau 76.5, kuka ƙara 10.5, za ku ga mita 100 cif. Akwai kuma ƙaramin tsere na mita 60 mai shinge biyar, wanda ake yi cikin rufaffen zaure lokacin hunturu a ƙasashen sanyi. Mata sun fara wannan wasa a Olamfik a 1932, amma a lokacin mita 80 suke yi. Sai a gasar 1972 a birnin Munich aka koma mita 100, inda Annelie Ehrhardt ta Jamus ta Gabas ta zo ta ɗaya.

Ga inda wahalar take. Yawancin 'yan tsere taku takwas suke yi kafin shinge na farko, sa'an nan taku uku-uku tsakanin shingaye. 'Yar tsere takan ɗaga ƙafa tun saura kimanin mita biyu ta isa shinge, ta sauka kimanin mita ɗaya a bayansa. Abin da ya rage mata na taku ukun nan ke nan bai wuce mita biyar da rabi ba. Doguwa da gajera, mai sauri da mai nawa, duk wannan tazara guda aka yanka musu. Doguwa tilas ta tsuke takunta, gajera kuwa tilas ta buɗa nata, kuma gwanaye sukan ci tazarar nan cikin kimanin sakan ɗaya. Ba a hukunta wadda ta ture shinge bisa kuskure, domin turewar ita ce hukuncin kanta: gudu ya ragu, taku ya rikice, shinge na gaba ya tarar da ita ba shiri. Abin ya yi kama da luguden mata a turmi guda. Muddin kowace taɓarya tana sauka a kan lokacinta, aiki na tafiya, amma da zarar ɗaya ta yi jinkiri ko gaggawa, sai su karu da juna, dakan ya watse.

Misali guda ya isa ya nuna mana hatsarin. Gail Devers ta Amurka ta ci zinariyar tseren mita 100 marar shinge a Olamfik sau biyu, a 1992 da 1996, ta kuma zama zakarar duniya a tsallake shinge sau uku, a 1993 da 1995 da 1999. Amma a Olamfik na 1992 a Barcelona, tana kan gaba da tazara, ta bugi shinge na goma, ta yi tuntuɓe, ta ƙare ta biyar. Har ta bar wasa ba ta sami lambar Olamfik ko ɗaya a tsallake shinge ba. Wannan shi ne irin wasan da Glory Alozie ta zaɓa, ita da tsayinta bai wuce mita 1.55 ba. Watau shingen ya fi rabin tsayinta, kuma kusan duk abokan karawarta sun fi ta tsawon ƙafa.

Tasowarta, 1996 zuwa 1999

An haifi Glory Alozie ranar 30 ga Disamba, 1977, a yankin da yake cikin Jihar Abiya a yau. Ta taso a lokacin da matan Nijeriya ke tashe a guje-guje da tsalle-tsalle. A 1992 ayarinsu na tseren miƙa sanda ya ci tagulla a Barcelona. A 1996 a Atlanta, Chioma Ajunwa ta ci zinariyar dogon tsalle, Mary Onyali ta ci tagulla a mita 200, Falilat Ogunkoya ta ci tagulla a mita 400. A tsallake shinge ma akwai magabata, irin su Modupe Oshikoya a shekarun 1970 da Maria Usifo a shekarun 1980. Saboda haka yarinya mai sauri a wancan zamani tana da waɗanda za ta duba ta yi koyi da su.

A shekarar 1996 ce sunanta ya fara fitowa. Tana da shekara 18 ta zama zakarar Afirka a Yawunde, ta kuma zo ta biyu a gasar matasa ta duniya da aka yi a birnin Sidni na Ostareliya. A wannan gasa ta matasa wani ɗan Nijeriya, Francis Obikwelu, ya lashe mita 100 da mita 200 gaba ɗaya. Ina so ku riƙe sunansa, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Ba da daɗewa ba bayan wannan ta koma birnin Balansiya na Sifaniya da zama, a hannun wani mai horarwa, Rafael Blanquer, wanda shi kansa tsohon gwanin dogon tsalle ne. A nan ne gudunta ya canja. A watan Agusta na 1998, tana da shekara 20, ta yi sakan 12.44 a Monako, lokacin da babu wata mace 'yar Afirka da ta taɓa yin irinsa, ta kuma maimaita shi a Brussels cikin watan. A shekarar ta sake zama zakarar Afirka a Dakar, sa'an nan ta ci wa ayarin nahiyar Afirka zinariya a gasar Kofin Duniya ta nahiyoyi a Johannesburg.

Shekarar 1999 ta zo mata da azurfa biyu. A watan Maris, a gasar duniya ta cikin zaure a Maebashi ta ƙasar Japan, Olga Shishigina ta Kazakistan ta riga ta da kashi ɗaya tak cikin ɗari na sakan. A watan Agusta kuma, a gasar zakarun duniya a birnin Sevilla, watau Ishbiliyar da muke karantawa a tarihin Andalus, ta sake yin 12.44 karo na uku, amma Gail Devers ta yi 12.37. Bayan haka ta ci zinariyar Wasannin Afirka a Johannesburg. Har ila yau a 1999 ta yi tseren mita 100 marar shinge cikin sakan 10.90, wanda shi ma ya zama mafi sauri a tarihin matan Afirka har sai da Blessing Okagbare ta wuce shi a 2013.

Alƙaluman nan biyu suna da abin koyarwa. In aka debe 10.90 daga 12.44, saura 1.54. Watau shingaye goma sun ƙara mata sakan ɗaya da rabi kacal, kowane shinge kimanin kashi 15 cikin ɗari na sakan. Saurin farko, na 10.90, muna iya cewa yawancinsa baiwa ce daga Allah. Amma rage asarar kowane shinge zuwa wannan ɗan ƙanƙanin lokaci aikin maimaici ne, na safe da yamma, a gaban wanda ke riƙe da agogo yana duban inda ƙafa ta tashi da inda ta sauka, yana gyarawa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kuma mu lura da kyau: duk waɗannan nasarori na 1998 da 1999 da sunan Nijeriya aka rubuta su, amma a filin Balansiya aka ƙera su.

Sidni, 2000

Ta shiga shekarar Olamfik tana cikin waɗanda ake sa wa ran zinariya, bayan ta ci gasar Afirka karo na uku a birnin Aljas. Sai ƙaddara ta gifta. A farkon watan Satumba, saura kimanin mako guda a buɗe gasar, mota ta buge wanda za ta aura, Hyginus Anugo, a wani titi a Sidni, ya rasu. Shi ma ɗan tsere ne na mita 400, ya je Ostareliya tare da ayarin Nijeriya. Jaridun lokacin sun ba da labarin yadda ta yi kwanaki ba ta iya cin abinci, ta rame, da yadda mai horar da ita ya tsaya a kanta yana lallashi har ta koma fili.

Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san yadda jiki ke mutuwa a kwanakin farko. To, a wannan hali ne ta bi zagaye-zagayen share fage ɗaya bayan ɗaya. Gail Devers ta ji rauni a cinya a zagayen kusa da ƙarshe, ta tsaya ba ta ƙarasa ba. Ranar 27 ga Satumba aka yi tseren ƙarshe. Alozie ta fita da ƙarfi ta shige gaba, tana jan tseren har wajen shingayen ƙarshe, inda Shishigina ta kamo ta. Shishigina ta yi 12.65, Alozie 12.68, Melissa Morrison ta Amurka 12.76. Kashi uku cikin ɗari na sakan, ga mai gudun kimanin mita takwas a sakan, bai wuce santimita 24 ba, watau taƙi guda da 'yan kai. Wannan ita ce tazarar da ta raba ta da zinariyar Olamfik, mako uku bayan rasuwar wanda za ta aura.

Lambobi uku Nijeriya ta dawo da su daga Sidni, duka azurfa: ta Alozie, da ta Ruth Ogbeifo a ɗaga nauyi, da ta maza a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Ita wannan ta ƙarshe an mayar da ita zinariya a 2012, bayan da aka soke nasarar Amurka saboda ɗaya daga cikin 'yan tserenta ya amsa laifin amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari.

Sau da yawa in ana ba da labarin Alozie akan tsaya nan, a yaba ƙarfin zuciyarta a rufe. Yabon kuwa ya dace. Sai dai ƙarfin zuciya shi kaɗai ba ya sa ƙafa ta sauka daidai a bayan shinge sau goma a jere. Abin da ya ɗauke ta a ranar shi ne horon shekaru da ya riga ya zauna a jikinta, da kuma mutanen da suka riƙe ta a kwanakin da ba ta iya riƙe kanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Canjin tuta, 2001 zuwa 2006

A watan Yuli na 2001 Sifaniya ta ba ta takardar zama 'yar ƙasa. Dokar hukumar guje-guje ta duniya a lokacin ta ce wanda ya canja ƙasa zai jira shekara uku kafin ya wakilci sabuwar a manyan gasanni, sai fa in ƙasashen biyu sun yarda a rage wa'adin zuwa shekara ɗaya. Saboda haka ba ta shiga gasar zakarun duniya ta 2001 a Edmonton ba, alhali tana tsakiyar ƙarfinta. A farkon 2002 ta zo ta ɗaya a gasar Turai ta cikin zaure a Vienna, amma daga baya aka karɓe lambar aka ba Linda Ferga ta Faransa, domin an ce izininta na wakiltar Sifaniya bai riga ya cika ba. Ba ita kaɗai irin wannan ya sama ba. Niurka Montalvo, haifaffiyar Kuba, wadda ita ma ɗalibar Blanquer ce, ta ci wa Sifaniya zinariyar dogon tsalle a Sevilla a 1999, amma Kuba ta hana ta zuwa Olamfik na 2000. Kun ga ke nan a wannan mataki takardar ofis tana iya ƙwace abin da ƙafa ta ci.

Da al'amarin ya daidaita, sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. A watan Agusta na 2002 ta zama zakarar Turai a Munich. Watau mace guda ta zama zakarar nahiyoyi biyu, Afirka sau uku, Turai sau ɗaya. A 2003 ta ci azurfar gasar duniya ta cikin zaure a Birmingham, bayan Gail Devers, ta kuma zo ta huɗu a gasar zakarun duniya a Faris. A Olamfik na 2004 a Atina ba ta kai tseren ƙarshe ba. A 2006 a Mosko ta sake cin azurfar cikin zaure, bayan Derval O'Rourke ta Ailan, shekara goma ke nan bayan azurfarta ta farko a Sidni. Daga nan tauraronta ya fara dusashewa, har ta ajiye takalmin gudu.

Mu ƙirga azurfofin: Sidni 1996, Maebashi 1999, Sevilla 1999, Sidni 2000, Birmingham 2003, Mosko 2006. Huɗun farko na Nijeriya ne, biyun ƙarshe na Sifaniya. Waɗanda suka riga ta sun yi ta canjawa, wannan ta zo ta wuce, waccan ta ji rauni ta ɓace, ita kuwa tana nan. Wannan ɗorewa ita ce babbar bajintarta, kuma ta fi lambar zinariya guda wuyar samu.

Me ke tsayar da ɗan wasa

To, yanzu sai mu tambayi kanmu, me ake bukata kafin a ɗore haka? Na farko, mai horarwa guda wanda ya san jikin 'yar tsere shekara da shekaru, ya san lokacin da zai matsa mata da lokacin da zai sassauta. Na biyu, fili mai kyau da shingaye da kayan ɗaga nauyi waɗanda ake samu kullum, rani da damina. Na uku, likita da mai gyaran jijiya, domin wannan tsere yana cin cinya da gwiwa da idon sawu, kuma ƙaramin raunin da aka bari shi ke zama babba. Na huɗu, ƙungiya mai biyan albashi a kan lokaci, don kada tunanin abinci da kuɗin haya ya raba hankali. Na biyar, gasanni a kai a kai da gwanayen duniya, waɗanda yawancinsu a Turai ake yi tsakanin Mayu da Satumba. Na shida, ofis mai cika takardu daidai, ya aika da suna kafin a rufe rajista. In kun duba, ɗaya daga cikin shidan nan babu wanda ya dogara da baiwa. Dukkansu aikin tsari ne da kasafin kuɗi da riƙon amana.

Akwai masu ganin cewa wanda ya bar tutar ƙasarsa ya ci amanarta, kuma ban raina wannan ra'ayi ba, domin ƙasar da ta haife ka ta fara fito da kai tana da haƙƙi a kanka. Amma adalci ya sa mu tuna cewa kafin Alozie ta karɓi takardar Sifaniya ta riga ta yi shekaru tana zaune a Balansiya, can mai horar da ita yake, can ƙungiyarta take. Takardar 2001 ta tabbatar da abin da ya riga ya auku ne tun tuni. Wanda ya yi kiwo shi ke tatsa.

Kuma ba a kanta aka fara ba, ba a kanta aka ƙare ba. Francis Obikwelu, wanda suka yi fice tare a Sidni a 1996, ya ci wa Nijeriya tagulla a mita 200 a Sevilla a 1999, ya zama ɗan Fotugal a 2001, ya ci mata azurfar mita 100 a Olamfik na 2004. Salwa Eid Naser, haifaffiyar Nijeriya, ta zama zakarar duniya a mita 400 a 2019 da tutar Baharain. Yawan irin wannan ƙaura daga ƙasashen Afirka ya sa hukumar duniya ta dakatar da canjin ƙasa gaba ɗaya a 2017, sa'an nan a 2018 ta fito da sabuwar doka mai tsauri: jiran shekara uku, kada a canja kafin shekara 20 da haihuwa, kuma sau ɗaya kawai. Doka tana iya rage gudun tafiyar, amma ba ta kawar da abin da ke sa a tafi ba.

Ga misali na kusa wanda ya shafi aikin ofis kai tsaye. A 2021, ana gab da fara guje-guje a Olamfik na Tokyo, aka hana 'yan wasan Nijeriya goma shiga gasa. Ba a kama su da shan wani abu ba. Laifin shi ne ba a yi musu adadin gwaje-gwajen ƙwayoyi da doka ta wajabta a watannin da suka gabaci gasar ba, kuma shirya gwajin aikin hukumar wasan ne. Cikin goman nan akwai Annette Echikunwoke, mai jifan ƙarfen da ake kira guduma, wadda aka haifa a Amurka amma ta zaɓi ta wakilci ƙasar iyayenta. Bayan abin da ya faru ta koma wa Amurka, ta ci mata azurfa a Olamfik na 2024 a Faris. Wannan lamba a kan tebur aka yi asararta, tun ba a je fili ba.

Kada kuma a ɗauka duk wanda aka horar a waje ya tafi ke nan. Lokacin nan na 12.44 da Alozie ta kafa ya yi shekara 23 babu 'yar Afirkar da ta taɓa shi, har sai da Tobi Amusan, 'yar Ijebu-Ode, ta yi 12.42 a Zurich a watan Satumba na 2021. A watan Yuli na 2022, a birnin Eugene na Amurka, Amusan ta yi 12.12, ta kafa sabon tarihin duniya, ta kuma zama 'yar Nijeriya ta farko da ta ci zinariyar gasar zakarun duniya a guje-guje da tsalle-tsalle. Da tutar Nijeriya ta yi wannan duka. Amma ita ma a wata jami'a a birnin El Paso na Jihar Texas aka goge ta, a hannun Lacena Golding-Clarke, 'yar Jamaika, wadda ta yi zamani da Alozie a wannan tsere. Ashe dai tsakanin 1998 da 2022 abu guda bai canja ba: gida ke fito da yarinya mai sauri, waje ke mayar da ita gwana.

Kammalawa

Shugaban taro, jama'a, na kawo tarihin mace guda, gajera, wadda ta yi shekara goma tana karawa da gwanayen duniya, ta ci gasar nahiyoyi biyu, ta riƙe tarihin Afirka shekara 23, ta kuma tsaya a kan dandamalin Olamfik tana cikin makoki. Na nuna cewa saurinta daga gida ta zo da shi, amma abin da ya ɗorar da shi tsari ne da ta samu a wani wuri, kuma daga ƙarshe wurin nan ya sami biyu daga cikin lambobinta uku na manya na cikin zaure da zinariyar nahiyarsa.

Ga ɗalibai, abin ɗauka shi ne lissafin nan na sakan ɗaya da rabi. Bambancin mai baiwa da gwani yana cikin ƙananan gyare-gyaren da ake maimaitawa kullum ba wanda ke tafa maka, ko a fili ne ko a ɗakin karatu. Ga ma'aikatan hukuma kuwa, musamman na ma'aikatun ilmi da na wasanni, maganar ta fi nauyi. Shinge katako ne da ƙarfe, kafinta da maƙeri na gari suna iya haɗa goma. Malamin motsa jiki a makarantar 'yan mata, da gasar makarantu da ba ta fashi kowace shekara, da alawus ɗin da ya fita a watan da aka ce zai fita, da wasiƙar da aka amsa kafin wa'adi ya cika, duk suna cikin ikon wanda ke zaune a ofis. Ba kowace yarinya za ta zama Alozie ba, amma wadda za ta zama ɗin tana wata makaranta a yanzu, kuma fayil ɗinta zai bi ta teburin ɗayanku.

 Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana.